Yadda na gina tamfilet ɗin kundina kafin in rubuta babi na ɗaya

Kundin digiri ba a rubuta shi sau ɗaya a huta. Malamin da ke duba ka zai dawo maka da shi cike da jan biro, ka gyara, ka gabatar a gaban malaman sashe su ƙara nasu, ka sake gyarawa, sannan mai jarrabawa na waje ya zo da nasa. Kowane gyara yana ture shafuka gaba ko baya. Sakin layi ɗaya da ka ƙara a babi na biyu ya isa ya sa duk lambobin da ke cikin ƙunshiya su zama ƙarya. Saboda haka abin da ya kamata ɗalibi ya tambayi kansa tun farko shi ne: fayil ɗin nan zai jure gyara sau da yawa ba tare da ya wargaje ba?

Na yi digirina na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, kuma da Hausa na rubuta kundin. Bincikena a kan kalmomin sana'ar ɗinkin hannu ne a Birnin Zariya, wato masu yin aska biyu da aska takwas a jikin babbar riga. Da na zo fara rubutu, wata yayarmu da ta riga mu gamawa ta ba ni tamfilet a filash, wato fayil ɗin da aka riga aka tsara fasalinsa don a zuba rubutu a ciki, ta ce, "Ga tamfilet nan, ƙanena, shi muka yi ta amfani da shi. Ka goge nawa ka zuba naka." Na yi mata godiya, don da zuciya ɗaya ta ba ni, ita ma haka ta gada daga na gaba da ita.

Da na buɗe shi a Word sai na danna Ctrl da Shift da 8, abin da ke fito da alamomin da ido ba ya gani. Nan na ga ainihin abin da ke ciki. Ƙunshiyar da hannu aka buga ta, an jera ɗigo ɗaya bayan ɗaya har zuwa lambar shafi. Kowane babi an tura shi sabon shafi ta hanyar danna Enter har sai ya sauka. Kanun babi an kai su tsakiya da tazarar sarari. Girman takardar ma na Amurka ne, inci 8.5 da 11, alhali takardar da ake sayarwa a Samaru da Sabon Gari A4 ce, milimita 210 da 297. Tsohon kundi ne kawai da aka share wa kalmomi, kuma duk wahalar da masu shi suka sha tana nan kwance tana jiran na gaba.

Sai na ajiye shi na buɗe sabon fayil, na ɗauko littafin ƙa'idojin rubuta kundi na Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko na sa a gefena. Wannan littafin shi ne alƙali, ba kundin wani da aka gani a kan kanta a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ba, domin ƙa'ida tana canzawa, kuma wanda ya rubuta wancan kundin wataƙila da tsohuwa ya yi aiki. Na mayar da takardar A4, na sa faɗin gefuna yadda aka rubuta. Gefen hagu ya fi sauran faɗi saboda ɗauri yana cin wani abu daga cikinsa. Mai aunawa da santimita ya tuna inci ɗaya santimita 2.54 ne, inci ɗaya da rabi kuma 3.81.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne salo, wato jerin da Word ke kira Styles. A wurin masu ɗinkin da na zauna da su a cikin birni, mai zane ne ke fara shata fasalin aikin a jikin yadi, sannan mai allura ya bi sawunsa. Ba wanda ke ƙirƙirar aska takwas yana cikin ɗinki. Salo shi ne wannan zanen. Ka faɗa wa kwamfuta sau ɗaya cewa gundarin rubutu Times New Roman ne mai girma 12, da tazarar layi biyu, an daidaita shi hagu da dama. Ka faɗa mata yadda babban kai zai kasance, da ƙaramin kai, da na ƙarƙashinsa. Daga nan duk inda ka zo kan babi sai ka danna Ctrl da Alt da 1, ƙaramin kai kuma Ctrl da Alt da 2. A cikin salon kan babi na kunna umarnin da ke sa shi fara sabon shafi da kansa, don haka ban sake danna Enter don tura rubutu ƙasa ba. Lambobin 2.1 da 2.1.1 ma na ɗaure su da salon, su ke ƙirga kansu. Abu ɗaya ne na riƙa bugawa da hannu, wato "BABI NA ƊAYA" da 'yan'uwansa, tunda Word bai iya ƙirga da Hausa ba. Su ma na yi musu salonsu daban.

Na yi wa doguwar magana da aka ɗauko daga bakin wani nata salon, mai tazarar layi ɗaya da ɗan shiga ciki, saboda kundina cike yake da hirarrakin da na yi da masu sana'a. Baitocin waƙa da karin magana ma haka.

Da zarar kanu sun hau salo, ƙunshiya ta zama aikin minti ɗaya. Word ke tattaro su ya jera da lambobin shafinsu, ya zuba ɗigon da kansa. Bayan kowane gyara sai in danna Ctrl da A, in bi da F9, komai ya koma daidai.

Lambar shafi ce ke sa ɗalibai da yawa raba kundinsu fayil biyu ko uku, abin da ba ya da amfani. Shafukan farko, wato shafin take, amincewa, sadaukarwa, godiya, tsakure da ƙunshiya, suna ɗaukar lambobin Rumawa, i, ii, iii. Babi na ɗaya kuma yana farawa daga 1. Maganin shi ne a yanka fayil ɗin gida biyu da abin da ake kira Section Break a ƙarshen shafukan farko. Sannan a shiga ƙasan shafin babi na ɗaya a kashe maɓallin Link to Previous, a zaɓi lambobin yau da kullum, a ce su fara daga 1. Idan ba a kashe maɓallin nan ba, abin da ka goge ko ka ƙara a ƙasan shafin gida ɗaya zai bi ɗayan. Irin wannan yankan ne kuma ke ba ka damar kwantar da shafi ɗaya a kwance don jadawali mai faɗi, sauran su tsaya a tsaye.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye: haruffa masu lanƙwasa. Zariya ce mahaifar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya, nan aka daɗe ana buga ƙ da ɗ da ɓ a takarda. Amma har yau akwai kwamfutoci da yawa da ke amfani da tsofaffin font, wato nau'in zanen haruffa, waɗanda dabara kawai suke yi: ka danna q ya nuna maka ƙ, ka danna x ya nuna ɗ, ka danna v ya nuna ɓ. Wasu kuma alamomin baka suke ara, shi ya sa ake ganin "}asa" da "]an" a rubuce-rubucen intanet. A kwamfutarka komai zai yi kyau. Ranar da fayil ɗin ya je kwamfutar da ba ta da wannan font ɗin, "ƙasa" ta koma "qasa". Ko a kwamfutarka ma akwai ɓarna, domin font ɗin bai san Turanci ba: a manazarta sai ka ga "Uniɓersity" da "Oɗford", a shafukan farko kuma lamba iv ta zama "iɓ". Na ga wannan a kundayen da aka riga aka ɗaure, kuma yana yi mini ciwo, don masu su sun yi bincike na gaske.

Haruffan nan suna da gurbinsu na dindindin a tsarin Unicode, kuma Times New Roman na kwamfutocin yanzu yana ɗauke da su. Lambar ƙ ita ce 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181. A Word idan ka buga lambar ka danna Alt da X sai harafin ya fito. Akwai ɗan tarko: idan harafin da ya zo kafin lambar a ne, ko b, c, d, e, f, Word zai haɗa shi cikin lambar, kuma kalmominmu irin su "baƙi" da "faɗa" duk haka suke. Sai a fara da U+ kafin lambar. Ni dai na ba kowane harafi gajeren maɓallinsa na ajiye a cikin tamfilet ɗin. Wani abokina kuma allon rubutun Hausa da ke cikin Windows ya kunna, shi ma ya yi masa aiki. Wanda ya riga ya yi nisa da tsohon font zai iya musanya haruffan gaba ɗaya, amma ya ware manazarta da duk wata kalmar Turanci tukuna.

Sai ƙananan abubuwa biyu. Word yana juya alamar da ke farkon 'yan da 'ya'ya ta fuskanci baya, don yana zaton buɗe zance za ka yi. Danna Ctrl da Z nan take yana mayar da ita miƙaƙƙiya. Sannan na kashe duba kuskuren rubutun Turanci a cikin salon gundarin rubutu, jan layin da ke ƙarƙashin kowace kalmar Hausa ya ɓace, ido ya huta.

Jadawali da hotuna ban taɓa sa musu lamba da hannu ba. Na ƙirƙiri lakabin "Jadawali" da "Hoto", Word ke ƙirga su, shi ke fitar da jerinsu a shafukan farko. Manazarta kuwa na bi tsarin APA bugu na 7, wanda ya fito a 2019, na tara littattafan a manhajar Zotero, na yi musu salo mai sa layi na biyu ya shiga ciki da santimita 1.27. Duk da haka sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, musamman kundayen da ba a buga ba da hirarraki, domin manhaja abin da ka zuba mata take fitarwa.

Amfanin duk wannan ya bayyana ranar da malamina ya ce sashen tarihin sana'ar bai dace da babi na huɗu ba, in mayar da shi na biyu, in kuma raba wani dogon jadawali. Ya dube ni ya ce, "Na san aiki ne babba, lambobi duk za su rikice. Ka je ka yi a hankali." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in an yarda in gyara yanzu a gani." A ofishinsa na buɗe jerin kanu da ke fitowa a gefen hagu, na ja sashen na ajiye a sabon wurinsa, na danna Ctrl da A, na bi da F9. Lambobin kanu, na jadawali da ƙunshiya duk suka bi. Abin da ya rage mini shi ne aikin da ya cancanci lokacina, wato gyara jimlolin da ke haɗa sashen da abin da ke gabansa da bayansa. Malam ya ce in kawo masa fayil ɗin ya ba sauran ɗalibansa.

Kafin in ba shi sai na cire rubutuna duka, na bar kanun shafukan farko da na babuka, na ajiye shi da nau'in dotx. Bambancinsa da fayil na yau da kullum shi ne, duk sanda aka danna shi sabon fayil yake haifarwa, na asalin ya zauna yadda yake. A ganina kowane sashe ya kamata ya mallaki irin wannan ya raba wa ɗalibai tun zangon farko, a koyar da shi a darasin dabarun bincike. Ɗalibin da ke haɗa karatu da koyarwa a firamare, ko uwa mai goyo da ke zuwa daga Tudun Wada ko Kongo, bai kamata kuɗinsu da lokacinsu su ƙare wajen biyan wani ya jera musu ɗigo ba.

Wajen bugawa ban kai wa mai shago fayil ɗin Word ba. Kowace kwamfuta da irin font ɗinta da firintarta, shafuka suna iya motsawa. Na mayar da shi PDF a kwamfutata, na bi shi shafi-shafi, na tura wa kaina ta imel maimakon in soka filash a kwamfutar da kowa ke amfani da ita. Na roƙi mai shagon ya buga da ainihin girman shafi, kada ya bar firinta ta rage shi, ya fara fitar mini da shafi ɗaya na auna gefen hagu da rula. Ba a ɗaure ba sai da na koma sashe na tabbatar da launin bango da yadda ake son rubutun da ke gadon bayan kundin, sannan malamai suka sa hannu a shafin amincewa na kowane kwafi.