Sojan Roba da Ƙasar da Ya Taka

Sana'ata rubutun allo ce da fentin shaguna. Shekara shida ke nan ina ƙarƙashin maigidana a wani shago da ke bakin kasuwar Sabon Gari. Shi ya sa ranar da yayana ya dawo daga karatu a Ingila, ya miƙo mini wani kwali ya ce, "Ungo, kai da kake taƙama da buroshi, gwada hannunka a nan," ban ɗauki abin a bakin komai ba. Na buɗe na tarar da 'yan sojojin roba masu ruwan toka, kai daban, hannu daban, mashi daban, duk a maƙale jikin wani firam. Tsayin kowanne milimita 28, bai kai rabin ɗan yatsana ba. Na ce masa kafin Juma'a na gama. Sai da na shafe wata huɗu.

Wasan yaƙi ake yi da su a kan tebur. Mutum biyu kowa ya jera rundunarsa, a auna tafiyar soja da tef irin na tela, a jefa ƙwayar ludo a ga wanda harbinsa ya samu. Hafsoshin sojan Furushiya, wato ɓangaren Jamus ta yanzu, su suka mayar da irin wannan wasa hanyar horo tun 1824. A yau wanda ya fi suna a harkar shi ne kamfanin Games Workshop da aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Nawa dai ba dodanni ba ne irin na Warhammer. Yayana na tarihi ya zaɓo mini: mayaƙan Mahadi na Sudan, waɗanda suka ci Khartum a 1885, Turawa suka murƙushe su a Omdurman a 1898. Farar jibba mai faci-faci kala-kala, garkuwa, takobi da mashi. Roba ce zallarta ake sayar maka, haɗawa da fenti da gyaran inda zai tsaya duk aikinka ne.

Na fara da abin da na sani. Na ɗebo fentin mai na shago, wanda muke rubuta "Ana sayar da ƙanƙara" da shi, na laƙaba wa soja uku. Washegari fuska ta ɓace, ninkin riga ya ɓace, yatsun hannu sun zama dunƙule. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, gyaɗa ce mai sikari ko 'yar tsana?" Na ce bari in wanke, na jefa ɗaya cikin tinna. Fentin ya fita, amma ya tafi da hancin sojan da rabin garkuwarsa, don tinna narkar da irin wannan roba take yi. A nan na gane hannun da ya saba da allo mai ƙafa takwas baƙo ne a wurin da ido ɗaya bai kai ƙwayar gero ba.

Ashe a ƙasan kwalin akwai 'yan kwalaben fentin akirilik na Vallejo, na ƙasar Sifaniya, wanda da ruwa ake sirka shi. Na koma kansa, amma da tsohon halina na cika buroshi. Wannan karon Dettol ce ta cece ni. Ka jiƙa sojan a cikinta ya kwana, ka goge da tsohon buroshin haƙori, fentin ya saɓule robar kuma lafiya lau. Sai dai kada ka bari ruwa ya taɓa shi kafin fentin ya gama fita, in ba haka ba ya rikiɗe ya zama danƙo.

Aikin da ke gaban fenti ba shi da daɗi, kuma ba a tsallake shi. A yanke kowane gaɓa daga firam, a kankare siririn layin da mazubi ya bari da bayan reza, a wanke da sabulu, a liƙa, sannan a yi shafen farko wanda fenti zai kama. Na yi nawa shafen da fentin feshi na gwangwani, da azahar, a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Fentin ya bushe a iska tun kafin ya sauka, sojoji goma suka fito da jiki kamar samfefa. Yanzu bayan sallar asuba nake feshi, gwangwanin a girgije sosai, tazarar kamar taƙi ɗaya da ɗoriya, fis-fis a wuce.

Maigidana ne ya warware mini matsalar kauri, shi da bai taɓa ganin wasan ba. Ya same ni a bayan shago ina fama, ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da tabaraunsa ya daɗe yana juyawa.

"Kai yaro, koko kake dama masa?"

"Maigida, in na sirka ba ya rufewa."

"Wa ya ce maka a shafa ɗaya ake rufewa? Je ka Ƙofar Mata ka ga sau nawa ake tsoma zane a baba kafin ya yi shuɗi."

Tun daga ranar nake sirka fenti ya koma kaurin madara. Shafar farko tana fitowa dabbare-dabbare, abin kunya, kamar ka ɓata aiki. Ka daure ka bari ta bushe. Ta biyu ta daidaita, ta uku ta rufe, kuma duk wani ninki da maƙerin ya sassaƙa yana nan. Buroshi mai lamba 1 mai tsinin baki ya fi mini ɗan mitsitsin da na saya da tsada, domin ƙaramin ba ya riƙe ruwa, kafin ka kai shi jikin soja ya bushe. In hunturu ya shigo abin ƙara tsanani yake yi, ɗigon fenti minti biyu ya zama fata. Maganinsa robar abinci mai murfi, jiƙaƙƙen soso a ciki, takardar gashin kek a kai. A kan takardar nake ɗiga fenti, danshi na ratsowa daga ƙasa, ya kai ni har dare. Ƙura kuwa sai dai ka kife kwano a kan duk wanda ka gama shafawa.

Inda na fi daɗewa shi ne launi, kuma a nan ne na kama kaina ina fentin abin da nake zato maimakon abin da nake gani. Fatar mayaƙan na shafa mata baƙi wuluk, tunda baƙaƙen mutane ne. Suka fito kamar gawayi. Wata rana da yamma ina wanke buroshi sai idona ya sauka kan damtsena. Babu baƙi ko ɗigo a wurin. Ruwan ƙasa ne mai duhu, da ja-ja a cikinsa, inda rana ta bugi gwiwar hannu da ƙashin yatsu kuma ya yi haske har yana neman ruwan zuma. Shekara ashirin da bakwai ina yawo da wannan hannu ban taɓa kallonsa ba. Farar riga ma haka. Na tsaya a bakin masallacin Juma'a ina kallon manyan riguna, na ga farin zalla a kan kafaɗa kawai yake da saman ninki, cikin ninkin toka ne ko ruwan madara, gindin rigar kuma ƙurar gari ta rina shi. Sai na koma ina fara jibba da ruwan ƙasa mai haske, in zuba tsinkakken fenti mai duhu ya gangara cikin ramuka ya zama inuwa, in taho da haske a hankali, farin gaske sai a ƙarshe, ɗan kaɗan.

Sai faifan da soja ke tsayawa a kai, wanda na ɗauka cikon aiki ne. Yayana ya haɗo mini da wata koriyar ciyawar roba a leda. Na liƙa wa biyar. Mayaƙan hamadar Sudan suka koma kamar 'yan ƙwallo a filin Sani Abacha. Na ɓamɓare.

Na je inda ake gini a layinmu na roƙi yashi cikin gwangwanin madara, irin wanda tifa ke kawowa daga Challawa. Na barbaɗa yadda yake, sai sojan ya zama kamar yana tsaye a kan tulin duwatsu. Lissafin ne ban yi ba. Soja mai milimita 28 kusan kashi ɗaya ne cikin 56 na mutum, saboda haka tsakuwa mai milimita 3 a wurinsa dutse ce da ta kusa santimita 17. Na saci rariyar tankaɗen Umma, abin da har yau ba a yafe mini ba, na raba yashin gida uku: gari, matsakaici, da 'yan tsakuwoyi. Na soya shi a tsohon kasko don danshi da ƙwari su fita. A ƙarƙashin kowane faifai mai faɗin milimita 25 na liƙa wosha ta masu sayar da noti, don nauyinta ya hana sojan faɗuwa in an bugi tebur. Farin gam na kafintoci, Top Bond, shi nake shafawa, in tsoma faifan cikin garin yashi, in ajiye tsakuwa ɗaya ko biyu da hantsaki, in ya bushe in bi shi da gam da aka tsinka da ruwa don ya kama.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yashi na gaske ba ya kama da yashi sai an yi masa fenti. A gefen sojan da aka yi wa inuwa da haske, ɗanyen yashi kamar datti yake. Sai ka shafe shi da ruwan ƙasa mai duhu, ka ɗebo mai haske a buroshi, ka goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, ka riƙa sharar saman ƙwayoyin da sauran. Don in san launin da zan haɗa na hau Dala da rana tsaka, na zauna ina kallon marmara. Ja ce a inda ta fashe, ruwan hanta a inda ta daɗe, ƙura kuma ta kwanta fari-fari a kowane lungu. Busasshiyar ciyawa daga igiyar rama na samo ta, na warware, na yanka guntu-guntu, na dasa a gindin tsakuwa, tunda a fili ma a nan take fitowa, inda ɗan ruwa ke maƙalewa. Kafin in rufe da banish marar ƙyalli, nakan shafa ɗan launin ƙasar a ƙafafun sojan da bakin rigarsa. Wanda bai samu wannan ba, ko ya fi kowa kyau, kamar ajiye shi aka yi a wurin.

Da na gama ashirin da huɗu, muka share teburin cin abinci, yayana ya jera Turawansa masu kaki. Kafin a kira la'asar ya karkashe mini su kaf, don ban san dokokin ba, kai-tsaye na tura su bakin bindiga. Yana tattarawa sai ya tsaya da ɗaya a hannu, bai kalli fuskar da na kwana uku a kanta ba, faifan yake kallo.

"Wannan ƙasar a ina ka saya?"

"Gidan da ake ginawa a bayan masallaci."

Ya turo mini nasa gaba ɗaya, da koriyar ciyawarsu, ya ce in ɓamɓare in sake. Suna nan cikin kwano a ƙarƙashin gadona, na yi goma sha ɗaya, rariyar kuma na sayi tawa a Kurmi.