Majigin aljihu da abin da kwalinsa bai faɗa min ba

Ranar da ɗiyata ta fara takawa na ɗauke ta a bidiyo. Da yamma sai ga mutum bakwai sun yi cincirindo a kan allon wayar da bai wuce tafin hannu ba, Inna tana daga baya tana cewa, "Ku matsa mana, ni fa ban ga komai ba." A makon na sayo ƙaramin majigi, irin mai batir, wanda hannu ɗaya ke ɗauka.

Zumuɗi bai bar ni na jira dare ba. Na kunna shi da rana tsaka, labule a buɗe, hoton ya fito a bango kamar zanen da wanki ya koɗar. Ga shi kuwa a jikin kwali an rangaɗa lumen dubbai da manyan baƙaƙe, wato ma'aunin ƙarfin haske. Ashe lumen suna suka tara. Wanda ake dogara da shi shi ne ANSI lumen, inda ake auna hasken da ya sauka a kan allo a wurare tara a ɗauki matsakaicinsu. Sauran sau da yawa ƙarfin fitilar ciki ake nufi, tun kafin gilasai su ci rabonsu. Da ma'aunin gaskiya, yawancin majigin aljihu 'yan ɗaruruwa ne kawai. Wayar Galaxy Beam da Samsung ya fitar a 2012 da majigi a jikinta, lumen 15 gare ta.

Kuskurena na biyu kwaɗayi ne. Na yi ta ja da baya don hoton ya cika bango. In ka ninka faɗin hoto sau biyu, hasken nan ɗaya zai bazu a fili ninki huɗu, dole ya dushe. Da na matso, na haƙura da hoto daidai faɗin ƙofa biyu, sai launuka suka dawo hayyacinsu.

Haka batun 1080p da ke jikin kwalin, wato hoto mai ƙwayoyi 1080 a tsaye. Rubutun cewa ya yi yana karɓa, bai ce yana nunawa ba. Ainihin ƙwayoyin hoton nawa 854 ne a kwance, 480 a tsaye. Bidiyon iyali ba ya nuna komai, amma ka sa ƙananan rubutu ka ga yadda ido zai wahala.

Haɗa shi da waya kuwa, nan na ga ta kaina. Na soka igiyar USB-C, shiru. Ba kowace waya ke fitar da hoto ta wannan kafa ba, sai mai DisplayPort, wato tsarin fitar da hoto zuwa wani allo; tawa caji da kwasar fayil kaɗai ta iya. Na koma haɗin iska ta Miracast (masu iPhone AirPlay suke amfani da shi), ya kama, ko da yake wani lokaci baki kan riga murya motsi. Manhajojin finafinan da ake biya kuma kan ba ka sauti da baƙin allo, saboda kariyar da ke hana kwafa.

Abu ɗaya dai har yau yana burge ni. Nawa irin DLP ne, fasahar da Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a Texas Instruments a 1987: madubai ƙanana fiye da kaurin gashi, dubban ɗaruruwa, kowanne yana karkata sau dubbai a daƙiƙa. Duk a cikin abin da nake jefawa jaka tare da caja.

Daren da muka sake gwadawa na kashe fitila, na ja labule, na ɗora shi kan littattafai uku don hoton kada ya karkace. 'Yar fankarsa na gurnani. Ɗiyata ta fito a bango, ta fi yadda take girma, tana tangaɗi, ta yi taku huɗu ta zauna daɓas. Inna ta ce, "Ikon Allah! Maimaita min." Sau tara muka kalla, muka wuce zuwa tsofaffin hotuna, kafin awa biyu ta cika batir ya mutu ana tsakiyar gardamar ko wa ta ɗebo kama.