Kafin ka kai ta a yi mata fomatin

A Jos, idan ka ce wa mutum kwamfutarka ta yi nauyi, amsa ɗaya za ka ji tun daga Farin Gada har Bukuru: kai ta a yi mata fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake ɗora Windows. Ba na raina shawarar, domin tana aiki, sai dai aikinta ba ya daɗewa. Kwamfutar gidanmu ta sha fomatin, kuma kowane karo takan yi sauri mu yi ta murna, kafin 'yan watanni ta koma gidan jiya, ga hotunan suna da takardun yara da kan salwanta a hanya. Shi ya sa a hunturun da ya wuce na ce wannan karon sai na ga abin da ke damunta da idona kafin kowa ya taɓa ta.

Dell Latitude E6430 ce, ƙirar 2012, 'yar Beljiyam da na saya a ɗaya daga cikin shagunan titin Ahmadu Bello. Firosesarta Core i5 ce ta ƙarni na uku, RAM giga 4, faifan ajiya giga 500. Ni malamin sakandare ne, a kanta nake buga tambayoyin jarrabawa. Uwargida kuma a nan take lissafin adashi da na atamfofin da take saidawa. Lamarin ya kai idan na kunna ta bayan Magariba, sai in je masallaci in yi Isha'i in dawo kafin in samu Word ya buɗe yadda zan iya rubutu ba tare da harafi ya biyo ni a baya ba. To, akwai ɗan ƙari a maganar, amma ba mai yawa ba.

Abu na farko da na yi bai ci ko sisi ba. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. A nan Windows ke nuna abin da kowane sashe na na'urar ke ɗauke da shi. Layin CPU yana ƙasa ƙasa, wato firosesar da kowa ke zargi da tsufa zaman jira kawai take yi. Layin Memory, wato RAM, ya haura kashi 80 tun ban buɗe komai ba. Layin Disk kuwa, wato faifan ajiya, ya kafe a kan 100, ya ƙi motsi.

Wannan shi ne dukan labarin, idan ka iya karanta shi. Ka ɗauki mai kayan miya a kasuwar Farin Gada wanda teburinsa ƙarami ne, sitonsa kuma yana can bayan kasuwa. Duk wanda ya zo neman abin da ba ya kan tebur, sai ya ruga sito ya ɗauko, ya kuma kwashe wani abu ya mayar don a samu wuri. RAM shi ne teburin, faifan ajiya shi ne siton. Giga 4 ta yi wa Windows 10 da burauzar zamani kaɗan, saboda haka na'urar ke ta zirga-zirga zuwa faifai. Shi kuma tsohon faifai ƙarfe ne mai juyawa da gaske, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu da ke yawo a kansa yana neman inda aka rubuta abu. Idan fayil babba ne a jere, yakan karanta kamar megabait 100 a daƙiƙa. Amma Windows dubban ƙananan fayiloli yake nema a warwatse, a nan ne faifan ke durƙushewa. Fomatin ba ya canja girman teburi, ba ya kuma matso da sito kusa. Rage kaya kawai yake yi, kayan kuma za su sake taruwa.

Duk da haka na fara da rage kayan. A shafin Startup na kashe duk manhajar da ke tashi tare da na'urar ba da izinina ba, kuma sun fi yadda nake zato yawa. Na tarar da rigakafin bairos guda biyu suna aiki lokaci ɗaya, kowanne yana binciken fayil ɗin da ɗan'uwansa ya taɓa, ga kuma wata manhaja da yara suka sauke wai mai ƙara wa kwamfuta gudu, alhali talla kawai take jefowa. Na cire su duka na bar Microsoft Defender da ke zuwa a cikin Windows, wanda a ganina ya wadatar da mai amfani a gida. Na share tarkacen wucin gadi da Disk Cleanup. An samu sauƙi, amma kada a ruɗe ka da bidiyoyin da ke cewa wannan ne maganin. Sauƙi ne irin na shan fanadol.

Sai na sauke wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da lafiyar kansa. Ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, ma'ana wasu sassan faifan sun fara lalacewa. A daren nan na kwashe duk abin da ke da muhimmanci zuwa filash, takardun makaranta da lissafin uwargida kuma na ɗora kwafinsu a Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta. Duk wanda ya ga wannan launi, ya ajiye maganar gudu tukuna, ya ceci kayansa.

Maganar zafi ita ce wadda mutanen Jos ba su cika yarda da ita ba. Garin da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, inda a watan Disamba da Janairu ruwan randa ke gagarar hannu da asuba, ta yaya na'ura za ta yi zafi? Amma sanyin nan ne ma ke jawo matsalar. Da dare yara sukan shige cikin bargo da kwamfutar, su ɗora ta a kan katifa, ƙofofin shan iskarta da ke ƙasa su toshe. Ga ƙurar hunturu, laushi gare ta kamar gari, fanka na zuƙo ta shekara da shekaru. Firosesa kuwa an ƙera ta ne yadda idan ta kusa ƙonewa za ta rage gudun kanta da kanta. Irin tawa iyakarta digiri 105 ne a ma'aunin Selsiyos, kuma da na auna da manhajar Core Temp na ga tana haura 90 daga buɗe bidiyo ɗaya. Fankar tana ta kuka, iskar da ke fitowa ta gefe kuwa ba ta iya motsa ko takarda.

Kamfanin Dell yana sa littafin gyaran na'urorinsa kyauta a intanet, da hotuna mataki-mataki, shi na bi. Na zare caja, na cire batir, na kwance murfin ƙasa da ƙaramin sukurdireba, ina jera notinan a kan faranti yadda na ciro su. Tsakanin fanka da haƙoran jan ƙarfen da iska ke bi ta fita, na tarar da ƙura da zaren bargo sun dunƙule sun zama kamar audugar katifa. Da hantsaki na ciro ta ɗungurungum. Sauran na kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori busasshe. A kula, idan za a hura iska a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Man da ke tsakanin firosesa da jan ƙarfen ya bushe ya zama ɓawo. Na goge shi da sipirit da tsumma mai tsabta, na ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, na mayar na ɗaure. Zafin ya sauko sosai, kuma a karon farko cikin shekaru aka daina jin kukanta daga falo.

Sannan na nufi shagon wani matashi mai gyara a wajen Terminus, wanda na daɗe da sani. Ko gama bayani ban yi ba ya ce, "Malam, ai fomatin take so. Ka bar ta, gobe ka zo."

Na ce, "Injiniya, duba wannan tukuna." Na nuna masa hoton allon da na ɗauka a waya.

Ya kalla, ya yi dariya. "Au, ashe Malam ya riga ya gama aikin. To, SSD za ka sa. Yawancin mutane idan na faɗa musu kuɗinsa sai su ce a yi fomatin ɗin kawai."

Gaskiyarsa ce, kuma ta sa na daina ganin laifin masu gyara. Abin da mai kaya ya yarda ya biya shi suke yi.

SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa, ƙwaƙwalwa ce irin ta filash amma mai inganci. Wanda ke shiga tsofaffin na'urori shi ne mai faɗin inci 2.5 da bakin SATA, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, kuma a wajen ƙananan fayiloli ratar da ke tsakaninsa da tsohon faifai ta fi haka nesa ba kusa ba. Akwai wani siriri mai suna M.2 NVMe da ya fi gudu, amma na'urar 2012 ba ta da gurbinsa, kada mai shago ya lallaɓe ka. Na ɗauki mai giga 256, ya ishe mu. Kasuwar cike take da jabu da kuma tsofaffi da aka sake wa kwali, don haka na sa aka jona shi a gabana muka buɗe CrystalDiskInfo, muka ga awannin da ya yi aiki sifili ne. Sunayen da aka sani irin su Samsung, Crucial da Kingston sun fi tsada, amma hankali ya fi kwanciya. RAM kuma na ƙara giga 4 ya zama 8. A nan abin lura shi ne iri: tawa DDR3 take ci, DDR4 ba zai ma shiga ramin ba. Ka ciro naka ka tafi da shi kasuwa, ya fi dogon bayani.

Windows na ɗora sabo da kaina. Ana buƙatar filash mai aƙalla giga 8 da data mai ɗan yawa, sai na jira garaɓasar dare. Lasisi bai ba ni wahala ba, domin na'urar da ta taɓa samun sahihin Windows 10 takan gane kanta da zarar ta hau intanet. Wani zai ce ai wannan ma fomatin ne. Haka ne, amma a kan sabon faifai. Yanzu kafin in gyara zama a kujera ta gama tashi. Wani abu da na yi farin ciki da shi: a saitin harsuna na ƙara madannan Hausa, saboda haka ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa a tambayoyin jarrabawa ba tare da na je ina kwafo su daga wani wuri ba. Na kuma sa alamar Metered connection a kan intanet ɗin wayata, don kada Windows ya shanye min data da sabuntawa a tsakiyar wata. Kuma SSD ba ya buƙatar tsohon aikin nan na defrag, wato tattara fayilolin da suka warwatse a faifai wuri ɗaya. Windows ya san abin da zai yi masa.

Kula da ita daga baya ya fi gyaran wuya, saboda ya shafi halin mutanen gida. An hana ɗora ta a kan gado. Na samo mata guntun katako mai ƙafafu. Filash ɗin da ya je shagon buga takardu ba ya shiga jikinta sai an bincike shi, domin daga can ake kwaso bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Yanzu ma na fi tura takarda ta imel ko WhatsApp a matsayin PDF, mai shago ya buga daga can. Yara na buɗe musu asusunsu daban wanda ba shi da ikon ɗora manhaja, abin da ya jawo min fushin kwana biyu.

Batir ɗin ma na canja. Tsohon ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai na'urar ta mutu nan take tana tsakiyar rubutu, kuma ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya ci tsohon faifan. Idan an tayar da janareta, sai ya daidaita muke jona caja. Da damina kuwa, kowa ya san tsawar Jos. Da hadari ya haɗu ake zare ta daga bango. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a ciki, CR2032, wanda ke riƙe agogo. Idan ka ga kwanan wata yana komawa baya, burauza tana ƙin buɗe shafuka tana kukan tsaro, shi ne ya ƙare, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Abu ɗaya ne sukurdireba ba zai gyara ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai wani shirin ƙarin sabuntawar tsaro da aka buɗe wa masu amfani a gida zuwa Oktoban 2026, wanda na shigar da tawa. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin na'ura, da firosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, tawa ta uku ce. Akwai dabarun tsallake sharaɗin, a kasuwa ma ana yi, amma ni ban so in ɗora lissafin kuɗin mutane a kan abin da mai shi ya ce bai lamunta ba. Na gwada Linux Mint, wani tsari na kyauta da ake sawa a madadin Windows, daga filash ba tare da na ɗora shi ba: ya ga Wi-Fi, ya ga firinta, LibreOffice ya buɗe takardun Word da na Excel, har teburin adashin uwargida bai karkace ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne babbar 'yata. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta zalla tun 2015, kuma manhajar da take gwaji da ita ta Windows ce kaɗai. Ta ce, "Abba, don Allah kada ka taɓa komai sai na rubuta." Na yi mata alkawari. Filash ɗin Linux yana cikin durowa, da ta fito daga ɗakin jarrabawa zan ɗora shi.