Yadda na bi gasar ces ta Toronto daga nesa

A watan Afrilun 2024 manyan gwanayen darar ces su takwas suka hallara a Toronto ta ƙasar Kanada, domin a fitar da wanda zai kara da zakaran duniya, Ding Liren na Sin. Kowa zai buga da kowa sau biyu, zagaye 14 ke nan. Wanda ya ci wasa yana da maki ɗaya, idan aka yi canjaras a raba rabi da rabi. Na ɗaya kaɗai ake nema. Na biyu da na takwas duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wannan sharaɗin ne ya sa na ɗaura ɗamarar bin gasar daga farko har ƙarshe ta intanet, duk da cewa wasa ɗaya kan ci awa biyar ko shida, kuma a inda nake sai dare ya yi nisa ake tashi.

Duk mai kallon ces a yanzu ya san wata sanda da ake sakawa a gefen allo, rabi fari rabi baƙi, wadda ke nuna ra'ayin kwamfuta kan wanda ke gaba. Da mutum ya yi taku mara kyau sai ka ga ta zabura sama ko ta rufto ƙasa, nan take 'yan kallo su cika wurin sharhi da ihu, wai giranmasta, wato babban gwanin ces, ya yi shirme. Mutumin da ko doki bai gama iya tafiyar da shi ba, shi ne zai riƙa yi wa Fabiano Caruana na Amurka, ɗaya daga cikin gwanayen takwas ɗin, gori. A ganina sandar nan tana rage armashin kallo fiye da yadda take ƙarawa, don tana ba ka amsa tun ba ka ji tambayar ba. Sai na koma buɗe wasannin a shafin ces na Lichess in kashe sandar, in zaɓi allo ɗaya daga cikin huɗun ranar in tsaya a kansa. Kafin ɗan wasa ya taka, sai in rubuta nawa takun a takarda. Sau da yawa ba ma dacewa, amma a nan daɗin yake: in ya yi abin da ko kusa bai zo mini a rai ba, dole in zauna in binciko dalilinsa, kuma minti ashirin ɗin da ya ɗauka yana dafe da kai sai ya daina zame mini jira.

Abin da sandar ba ta gani kuwa shi ne agogo. A Toronto an ba kowa minti 120 ya yi taku 40, babu ƙarin ko daƙiƙa ɗaya sai an shiga taku na 41. Wanda ya yi almubazzaranci da lokacinsa a farko, zai biya bashin tsakanin taku na 30 da na 40. A zagaye na bakwai Gukesh ɗan Indiya, yaro ɗan shekara 17, ya matsa wa Alireza Firouzja na Faransa lamba, yana neman nasara. Lokaci ya ƙure musu su duka biyun, hannuwa na ta kai-komo tsakanin allo da agogo, cikin 'yan daƙiƙu wasan ya suɓuce wa Gukesh. Ya zauna ya rufe fuska da tafin hannu. Shi ke nan wasan da aka ci shi a duk gasar. Tun daga ranar, da na buɗe allo agogo nake fara dubawa kafin in ƙirga sojojin kowa.

Teburin maki ma yana da nasa karatu. Ido kan tafi wajen karawar manya, alhali sau da yawa gasa irin wannan a kan na ƙasa ake yanke ta. Nijat Abasov na Azarbaijan ya samu gurbi ne saboda tsohon zakaran duniya Magnus Carlsen ya ƙi shiga, kuma shi ne mafi ƙarancin daraja a cikinsu. Gukesh ya ci shi gida da waje. Ian Nepomniachtchi na Rasha kuwa, wanda ya lashe gasa biyun da suka gabata kuma ba wanda ya kayar da shi a wannan, canjaras ya yi da Abasov duka biyun. Tazarar da ta raba Gukesh da Nepomniachtchi a ƙarshe rabin maki ce. Hikaru Nakamura na Amurka shi kuma Vidit Gujrathi ne ya zame masa ƙarfen ƙafa, sau biyu yana kayar da shi.

Ranar ƙarshe, 21 ga Afrilu, Gukesh na da maki takwas da rabi, mutum uku na biye da shi da takwas-takwas, kuma jadawali ya haɗa su huɗun da juna. A ranar kam na karya dokata ta allo ɗaya. Gukesh ya riƙe baƙi gaban Nakamura, ya toshe duk wata kafa, aka tashi canjaras, ya kai maki tara. Saura Fabiano Caruana da Nepomniachtchi: duk wanda ya ci zai kamo yaron, a sake karawar raba gardama washegari. Canjaras ba zai amfani kowa a cikinsu ba.

Caruana ya samu wasan a hannunsa, ko ni da ba na kallon sanda na ga alamar haka. Amma Nepomniachtchi ya ƙi mutuwa. Sarauniyarsa ta riƙa bin sarkin Caruana tana hana shi sakat, nan ta ɓullo can ta ɓullo, kuma kowane lokaci gida ɗaya ne ko biyu sarkin zai shiga ya tsira da nasararsa, sauran duk tarko. Wajen taku na 40, agogo na cin wuyan Caruana, damar ta kuɓuce masa. Ta sake dawowa daga baya, ta sake kuɓucewa. Washegari da na kunna kwamfuta na bi wasan taku-taku, cikin ƙiftawar ido ta nuna hanyar nasarar, amma sai da na daɗe ina juya ta kafin in gane me ya sa take aiki, ni da nake zaune hankali kwance babu agogo a kaina. A taku na 109 suka haƙura suka yi musabaha, kowa ya kashe wa ɗan'uwansa kasuwa, har Nepomniachtchi ya ba Caruana haƙuri tun suna kan kujera.

Da haka Gukesh ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa lashe wannan gasa. A watan Disambar shekarar, a Singafo, ya karɓe kambun daga hannun Ding Liren da maki bakwai da rabi, Ding na da shida da rabi, bayan Ding ya yi kuskure a taku na 55 na wasan ƙarshe, wasan da kusan kowa ya riga ya ɗauka canjaras ne.