Layin da aka kashe ma yana kisa

Aikin layin wuta nake yi a Maraɗi, tun ina riƙe wa manya tsani da igiya har na kai ga hawa poto da kaina. Mutanen gari sun fi ganinmu ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, rai a ɓace, shi ya sa da wuya mu ji sannu. Abin da nake so a sani shi ne dalilin da ya sa muke daɗewa a gindin poto kafin mu hau, domin a kan wannan jinkirin ne aka fi zagin mu.

Wutar da Maraɗi ke samu daga Najeriya tana zuwa ne ta babban layi mai volt 132,000 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A tasha ake rage ta, ta shiga wayoyin nan uku da ke can ƙololuwar poto, masu ɗauke da volt 20,000, sannan taransfo na unguwa ya sake rage ta zuwa 220 da ke shiga gidaje. Waɗancan wayoyi uku tsirara suke, babu roba a jikinsu, kuma ba sai ka taɓa su ba: idan ƙarfe ko hannu ya matsa kusa sosai, wutar da kanta take tsallakowa. Jikin mutum kuwa ba ya bukatar mai yawa. Abin da bai kai wanda ƙwan fitila ɗaya ke ja ba, in ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. Tun kafin nan ma tsokar hannu ta ƙanƙame wayar, mutum na so ya saki ba hali.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta dawo ba sai watan Maris na 2024. A wannan tsakanin duk mai hali ya sayi gurup, wato injin ba da wuta, ko ya kafa fano mai aiki da hasken rana a rufin gida. Masu ƙanƙara, masu walda, teloli, masu injin niƙa, kowa ya nemi mafita, kuma ban ga laifin kowa ba, ciki ba ya jiran siyasa. Sai dai da yawa sun jona gurup ɗinsu kai-tsaye a wayoyin gida, ba tare da makunnin da ke raba shi da layin waje ba. Abin da ba su sani ba, taransfo ba ruwansa da inda wuta ta fito. Yadda yake rage 20,000 zuwa 220, haka in ka ba shi 220 ta baya yake ɗaga ta ya mayar da ita dubbai a kan layin da muke jin mun kashe.

Na ga wannan da idona wata safiya a cikin damina, bayan iskar hadari ta karya reshen bedi ya faɗo a kan waya. An kashe layin daga sama, an sa kwaɗo, shef ɗinmu ya jefa makullin a aljihunsa, an tabbatar mana ta salula cewa babu wuta. Na riga na ɗaura ɗamarar hawa, na sa hular kwano. Jama'a sun taru, wani na cewa kayansa na narkewa, wani na cewa tun asuba muke tsaye muna kallon sama. Shef bai tanka wa kowa ba. Ya ɗauko doguwar sandar gwaji, ya fara danna maɓallinta ya ji tana da rai, sannan ya miƙo min.

"Ɗana, gwada duka ukun tukuna."

Na ce, "Baba, ai an kashe."

"Na ji an kashe. Gwada."

Kan sandar na taɓa waya ta farko ta ɗauki ƙara, jar fitilarta ta kama. Na tsaya da sandar a hannu, ƙafafuna na rawa. Muka bi layin ƙasa gida-gida muna kasa kunne, har muka ji ƙugin gurup a bayan wani shago. Mai shagon dattijo ne mai mutunci. Da shef ya yi masa bayani sai ya zauna a kan benci ya dafe kai, yana cewa, "Wallahi ban san wutar gurup na hita waje ba. Da na kashe ɗan mutane ina zaune." Ya kashe injin da hannunsa. Muka koma, aka sake gwadawa, sandar ta yi shiru. Duk da haka ban hau ba sai da muka kafa ƙarfe a ƙasa, muka maƙala wa wayoyin uku igiyar jan ƙarfe ta haɗe su da shi, gaba da bayan inda zan yi aiki, yadda ko wani ya tayar da nasa gurup ɗin wutar za ta bi ƙasa.

Wannan duka yana cin lokaci, kuma shi ne mutane ke kira lalaci. Ni a wurina wanda ya tsallake ko ɗaya daga ciki don a yaba masa sauri bai cancanci a ba shi yaro ya koya masa aiki ba.

Sauran wahalar an saba da ita. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, poton siminti ya yi zafi, safar hannu ta roba ta cika da gumi har sai ka zubar. Kafin ka sa ta kullum sai ka naɗe bakinta ta kumbura da iska, ka kara a kunne, domin hujin da bai wuce na allura ba ya isa. Akwai wani babba da na koyi ɗaurin waya a wurinsa, yatsu biyu ne suka rage a hannunsa na dama. Ya ce ranar da abin ya same shi tabon da ke tafin hannunsa ɗan ƙarami ne, sai a gidan likita aka ga naman ciki ya ƙone. Shi ya sa duk wanda wuta mai ƙarfi ta ja, ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi a duba zuciya da ƙoda.

Ba mu kaɗai wayar ke ci ba. Magini ya ɗaga dogon ƙarfe a saman bene, yaron mota a kan lodi, makiyayi na saran ganye wa dabbobi, duk mun je mun tarar. In waya ta faɗo ƙasa, musamman a jiƙaƙƙen wuri, ƙasar da ke kewaye da ita ma na ɗauke da wuta. A ja baya kamar mita goma, wanda ya tsinci kansa kusa ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali, kada ya yi dogon taku. Mafi wuya shi ne hana uwa ko ɗan'uwa rugawa su janye wanda wayar ta kama, amma wanda ya taɓa shi zai zama na biyu. A tsare wurin, a kori yara, a kira Nijelek, kamfanin wutar Nijar, su yanke.

Masu gurup da masu fano kuma, don Allah a kira mai gyaran wuta ya sa makunnin da ke raba naku da layin waje. Kafin a samu kuɗinsa, a riƙa sauke babban makunnin da ke jikin kwantar, wato mitar gida, tukuna, sannan a tayar da injin.