Ranar da na riƙe macijin shuni

Asabar, tsakiyar watan Janairu, kudancin jihar Jojiya, Amurka.

Mun bar gari bayan na yi sallar asuba, ni da malamin da ke kula da karatuna da wasu ɗalibai biyu, muka nufi tuddan yashi da ke kusa da kogin Okmulgi, inda ake ƙidayar macijin da Amurkawa ke kira indigo. Kalmar tana nufin baba, shukar nan da marina ke fitar da shuni daga cikinta, shi ya sa tun ranar da na fara karanta labarinsa nake kiransa macijin shuni a raina. Ana yin ƙidayar ne da hunturu, domin a wannan yanki sanyi yana tilasta masa fakewa a ramukan wani kunkuru mai haƙa ƙasa, kuma idan rana ta ɗaga yakan fito bakin ramin ya sha hantsi, ga shi kuma lokacin barbararsu ne, mazan suna yawo daga rami zuwa rami.

Aikin ba shi da wata dabara face tafiya da kallon ƙasa. Ramin kunkurun yakan kai mita huɗu ko biyar, wani ma ya wuce haka nesa, kuma a bakinsa akwai tarin farin yashi wanda duk abin da ya shiga ko ya fita sai ya bar sawu a kai. Mun duba ramuka da yawa ba mu ga komai ba sai wata tsohuwar saɓa da ta maƙale a ciyawa, har na fara tunanin cewa yau ma za mu koma da takarda fara.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na gan shi a miƙe a gindin wani kututture da wuta ta taɓa. Dole in rubuta gaskiya a nan: ƙafafuna ne suka fara ja da baya kafin hankalina ya tuna abin da ya kawo ni. Na taso a jihar Gombe, inda kububuwa ke kai manoma asibitin Kaltungo kowace shekara, kuma a wurinmu baƙin maciji mai wannan tsawo kumurci ne ko gamsheƙa, ba a tsayawa tambayar sunansa sai bayan an ɗauko sanda. Malam ya durƙusa ya ɗauke shi da hannu biyu kamar mai ɗaukar igiyar guga. Macijin ya yi huci, ya matse wuyansa, ya kaɗa wutsiya, sannan ya saki wani ruwa mai wari, amma bai ko buɗe baki da niyyar sara ba. Ba shi da dafi, kuma da wuya ya ciji wanda ya kama shi.

Da aka miƙo mini shi na riƙe don a auna, sai na fahimci dalilin sunan. A inuwa baƙi ne wuluk, amma da rana ta sauka a kansa sai wani shuɗi mai ƙyalli ya taso daga jikinsa, irin na turkudi ɗan Kura da ya sha bugu, kuma a haɓarsa akwai ja kamar an shafa masa jan ƙasa. Namiji ne, ya haura mita biyu kaɗan. Babu macijin asalin Amurka da ya kai irinsa tsawo, manyansu kan wuce mita biyu da rabi. Sunan da masana suka ba danginsa, Drymarchon, daga Girkanci yake, ma'anarsa sarkin daji, kuma John Edwards Holbrook ne ya fara bayyana wannan nau'in a rubuce a 1842. Sarautar ba ta baka ba ce, domin abincinsa ya haɗa da macizai masu dafi, har da wanda ke da kacau-kacau a wutsiya, kuma ba ya nannaɗe abin da ya kama kamar yadda mesa ke yi, sai dai ya cafke shi da ƙarfin muƙamuƙi, ya danne shi da jikinsa, ya haɗiye.

Mun goga na'ura a jikinsa ba ta nuna lamba ba, alamar ba a taɓa kama shi ba, sai aka sanya masa ɗan guntun shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, aka shafi jikinsa da auduga don gwajin cutar fata da ke damun macizan yankin, sannan aka mayar da shi daidai inda yake.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda halinsa na rashin faɗa ya zame masa jidali. Masu sayar da dabbobin gida sun kwashe shi shekaru da yawa saboda kyansa da sauƙin kamunsa. Mafarautan maciji mai kacau-kacau kuma suna zura fetur a ramukan kunkuru don su koro abin da suke nema, hayaƙin ya hallaka duk mai fakewa a ciki. Babbar asarar ita ce ta daji: itacen fain mai dogon ganye ya taɓa mamaye kimanin eka miliyan 90 daga Bajiniya zuwa Tekzas, aka sare shi har abin da ya rage bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, kuma dajin ba ya rayuwa sai da wuta lokaci zuwa lokaci, domin idan ƙirare suka cushe ciyawar da kunkuru ke ci takan mutu, kunkuru ya tashi, rami ya toshe. A 1978 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin halittun da doka ta kare. A Alabama ya ɓace tun shekarun 1950, sai a 2010 aka fara sakin waɗanda aka reno a hannu cikin dajin gwamnati na Koneka, kuma sai da aka shekara goma kafin a ga ɗan da aka ƙyanƙyashe a dawa a 2020. A arewacin Fulorida an fara irin wannan saki a 2017 kusa da kogin Afalacikola.

Da la'asar muka biya ofishin da ake ajiye wata macen da aka ƙyanƙyashe a hannu, wadda ake nuna wa 'yan makaranta, kuma ni aka ba wankin kejinta. Duk wanda ya ga hotonta ya yi sha'awar kiwo, to ya zo ya yi wannan wanki tukuna. Tana ci da yawa, tana kashi akai-akai, ba ta jure zafi ko ƙishirwa, ba ta zama wuri ɗaya, kuma ɓera kaɗai ba ya isarta, sai an haɗa mata da 'yan tsaki da kifi. Na tambayi Malam me zai hana a karɓi waɗanda ke hannun masu kiwo a sake su a daji, tunda ana kiwonsu bisa izini. Ya ce ba a san asalin yawancinsu ba, kuma akwai wata cutar ciki da ke yaɗuwa a keji wadda maciji ɗaya zai iya kai wa na dawa, shi ya sa ake dogaro da cibiyar Orianne da ke Fulorida, inda ake gwada kowanne, a rene shi kimanin shekara biyu kafin a sake shi.

Da dare na aika wa Inna hoton, ta kira ni nan take. "Kai ɗan nan, abin da ka je karantawa ke nan, gardanci?" Na ce mata, "Inna, wannan shi ke cinye masu dafin." Ta yi shiru, sannan ta ce in dai riƙa yin addu'a kafin in taɓa shi, kuma kada in kuskura in gwada hakan idan na dawo gida. Na yi mata alkawari. Na wanke hannuna da sabulu sau uku, amma har yanzu warin ruwan da ya saki yana nan a bakin hannun rigata.