Kuɗin haya ne ke mulkin tukunyata a Mamobi

A Akra, babban birnin Ghana, mai gidan haya ba ruwansa da biyan wata-wata, na shekara ɗaya ko ma biyu zai ce ki ajiye masa a dunƙule kafin ya miƙo makulli, ga kuma dillalin da ya nuna ɗakin shi ma yana tsaye yana jiran nasa kason. A takarda dai akwai dokar haya tun 1963 da ta hana a karɓi sama da na wata shida, amma ki je ki karanta wa mai gida ita a unguwar Nima ko Mamobi, zai ce miki akwai masu jiran ɗakin a layi, kuma gaskiya ya faɗa akwai su. Mu da muka taso daga Kano a gidan gado muke zaune, ban taɓa sanin zullumin ranar da haya za ta ƙare ba sai nan. Toh wannan kuɗin shi ne yake yanke min abin da zan ɗora a wuta, shi ke cewa yau za a kunna fanka ko a'a, duk tattalin da zan faɗa can yake tafiya.

Baban yara tela ne, kaftani da aikin wuya yake yi a wani shago a Nima. Aikinsu kun san shi, gab da sallah ba barci, bayan sallah kuma sai a yi ta zaman jiran masu biki. Kenan kuɗi na shigowa da ƙarfi lokaci guda sai ya ɗauke, amma ciki kullum sai ya ci. Muna cikin koyon zaman ne 2022 ta zo, sidi, kuɗin ƙasar, ya faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar, abin da kika saya da safe idan kin koma bayan kwana biyu mai kayan ma kunyar faɗa miki farashi take ji. A wannan shekarar na zage na koyi yawancin abubuwan nan, kuma ba ni kaɗai na gano su ba, wata Hajiya ce a gidanmu, haifaffiyar Zango ce, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi irin tamu, iyayenta daga arewa suka zo, ita ta riƙe hannuna.

Abu na farko da ta ce min shi ne, "Amarya, ki daina girkin Kano a Akra." Na ce Mma to me zan ba yaran? Ta ce abin da ƙasar ta haifa. Kuma haka ne wallahi. Naman shanu a nan tsada ne sosai, amma ga teku a bakin gari, kifi banda ƙanana-ƙanana da ake kawowa daga Chorkor da James Town, musamman wajen watan Agusta idan kifi ya yi yawa, da kuɗi kaɗan za ki cika leda, ki dake shi ki zuba a miya sati guda kina amfana. Ganyen gwaza da suke miyar kontomire da shi, lalo, gauta, manja, garin rogo, ayabar dafawa, doya idan sabuwa ta fito, duk waɗannan araha suke a kan taliya da shinkafar waje da na saba. Yanzu yarana banku, tuwonsu na ƙullun masara mai tsami, suke nema da kansu, ni kaina sai da na ɗau lokaci kafin tsaminsa ya zauna min amma ya zauna. Tuwo ban bar shi ba, masara nake saye in kai inji, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa kuma duk akwai su a kasuwar Nima, ranar Laraba ce babbar ranarta, a nan za ki ji kamar kina wata kasuwar arewa don Hausa ce kawai ke tashi.

Maganar awo ita ce inda kuɗi ya fi zurarewa ba ki sani ba. A nan da olonka ake auna hatsi, wani babban gwangwani ne, kuma duk wadda take sayen shinkafa ko wake kofi-kofi a bakin layi kullum, idan ta haɗa lissafin wata sai ta ga ta biya kuɗin olonka da yawa a banza. Matsalar ita ce ba kowa ke da kuɗin buhu ba. Sai muka haɗu mu matan gidan, kowa ta kawo abin da take da shi a sayo buhun masara ko na shinkafa ko jarkar mai a zo tsakar gida a raba. Albasa ma haka, yawancinta daga Nijar ake kawo ta, tun da aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku can bayan gari a 2021 wurin ya yi nisa, ba zai yiwu mutum ɗaya ta biya mota don ƴar albasar sati ba, sai mu tura mutum ɗaya ta sayo mana duka mu raba kuɗin motar. Tumatir kuwa da rani daga Burkina Faso yake zuwa kuma farashinsa ba ya taɓuwa, don haka idan na gida ya fito ya yi araha nake saye da yawa, in markaɗa in tafasa shi har ruwan ya ƙone ya yi kauri, in zuba mai a sama in rufe. Wani kuma in yanka in shanya, sai dai a nan shanya sai da sa ido saboda iskar garin da danshi take, sai lokacin hunturu abu ke bushewa yadda nake so.

Wake ma na jiƙa shi tun dare, da safe ba ya cin wuta. Gas nake girkin sauri da shi, shayi da ɗumame da miya, amma duk abin da zai daɗe a wuta irin wake ko ganda ko tafasa tumatir ɗin nan, gawayi ne. Kuma idan na hura gawayi ba na barinsa ya mutu a banza, kafin ya huce na ɗora ruwan wankan yara.

Karin kumallo fa shi ne jarabawa, don a Zango ko ina kika juya ga mai koko da ƙosai, ga mai waakye, wato shinkafa da wake, tana zubawa a ganye da taliya da gari da soyayyen yajinsu shito ƙamshi na kiran mutum. Ba tsada a ido, amma gida mai mutum biyar kullum safiya, ki lissafa. Yanzu gero nake jiƙawa in kai niƙa in ajiye gasara, koko a gida ake damawa, waakye kuma sai ranar Juma'a ko idan yaro ya yi abin kirki a makaranta. Makaranta ma da kwanon abincinsu suke tafiya da gorar ruwa.

Wuta kuma mita ɗaya ce ta kati ga gidan gaba ɗaya, ana raba kuɗin ne da ƙirgen kayan da ke ɗakin kowa, ƙwan fitila kaza, fanka, talabijin, firij, dutsen guga, kowanne da makinsa. Wannan tsarin ya sha haɗa maƙwabta faɗa don akwai mai ɓoye hita a ƙarƙashin gado. Kuma abin haushin shi ne farashi mai rahusa da aka ware wa masu shan wuta kaɗan ba ya samun mu, tunda mitar gani take gida ɗaya ne mai shan wuta da yawa alhali ɗakuna ne na talakawa birjik. Mu dai muka cire dutsen guga daga lissafinmu gaba ɗaya, baban yara yana tafiya da kayan makaranta shago ya goge, firij kuma ban saya ba, wata maƙwabciya nake ba wani abu duk wata ina ajiye miyata a nata. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, ranar da ya zo ko tsakar dare ne sai na tashi na cika duro da jarkokin nan rawaya, don idan kika bari sai kin saya a wurin masu tanki to kin shiga uku. Ruwan ɗaurayar wanki shi ke wanke tsakar ɗaki da bayi.

Bayin nan ma bari in tsaya a kansa. Gidaje da yawa a Nima da Mamobi ba su da ban ɗaki, na kuɗi ake zuwa, duk shiga sai kin biya, wasu har wanka. Sabon zuwa sai ya ga ɗaki mai araha ya yi murna, bai san kullum shi da matarsa da yara za su riƙa biyan kuɗin shiga bayi ba, ga fitar dare da ƙaramin yaro. Ni a wurina gara a ƙara kuɗin haya a samu gida mai bayi, ko da na haɗaka ne ana wankewa bi da bi, lissafin ya fi fita kuma mutuncin mace ya fi tsira.

Inda na fi shan magana shi ne biki. Matan Zango akwai zumunci, ba zan ɓoye ba sun riƙe ni kamar 'yar uwarsu, amma duk sati akwai aure ko suna kuma kowanne da yayinsa, wato anko. Idan kika ce duk za ki yi to kuɗin hayar ya tafi a atamfa. Na zauna na yanke wa kaina, na makusanta sosai kawai nake saye, sauran in sa mai kama da launin in je da wuri in kama aikin girki in ba da gudummawata daidai ƙarfina. Wasu sun yi gunaguni da farko, Hajiya ta ce rabu da su amarya, ranar da mai gidan haya zai zo ba wadda za ta biya miki. Kayan yara na zaman gida kuwa kasuwar Kantamanto nake zuwa gwanjo da sassafe lokacin da ake kwance dila, gobarar da ta cinye kasuwar a farkon Janairun 2025 ta taɓa mu mu ma don kaya sun yi wuya na wani lokaci. Na sallah dai ubansu ne ke ɗinkawa, Alhamdulillahi wannan kam mun huta.

Abin da aka rage a duk waɗannan wuraren ba na barinsa a hannu, kuɗin da ke cikin jaka sunansa kashe ni. Akwai masu susu da ke zagayawa kullum suna karɓa su rubuta a kati, ƙarshen wata su cire zubin kwana ɗaya ladansu su ba ki sauran, amma na ji labarin waɗanda suka gudu da kuɗin mutane, don haka na fi yarda da adashinmu na matan gida da muka san ɗakin juna. Idan na kwashi nawa kai tsaye MoMo, wato asusun kuɗi na waya, yake shiga, a wani layi daban da ba na saka masa data ba na kira da shi. Lokacin da aka kawo harajin E-levy na tura kuɗi ta waya a 2022 sai da muka riƙa lissafin kowane turi, da aka soke shi a 2025 mun ji sauƙi sosai. Cikin wannan asusun har da kuɗin sabunta katin zama na baƙi da ake biya da lissafin dala, da ɗan abin da nake tura wa Inna Kano, wannan biyun ba a taɓa su ko me ake ciki. Baƙo ma idan ya sauka daga gida ba a rage masa kwano, a wani wurin ake matsewa.

Kwanan nan baban yara ya zo da maganar mu koma Kasoa ko Ashaiman tunda ɗaki ya fi araha a can, har ciki da falo za mu iya samu. Muka zauna da biro da takarda bayan isha'i, muka sa kuɗin trotro, motar hayarsu, zuwa da dawowa kullum, da awannin da zai ɓata a cunkoson hanya maimakon kan keken ɗinki, da abincin rana da dole ya saya a waje tunda ba zan iya aika masa yaro da kwano ba, da canza wa yara makaranta da islamiyya, sannan ni in rasa matan da muke raba buhu da adashi. Rarar da ake gani a hayar duk ta narke. Mun bar maganar, za mu sabunta a nan Mamobi, kuma Hajiya ta ce za ta raka shi wurin mai gidan a roƙe shi ya karɓi na shekara ɗaya a wannan karon.